Rumaisa ba ta yafiya a dunƙule

In ka zo Kalgo kana neman gidan Rumaisa mai shinkafa, kafin a nuna maka sai an taɓe baki an ce, "Wagga mai riƙo?" Duk wanda ya faɗi haka a gabana kuwa sai mun yi da shi. Katanga ɗaya ta raba ɗakina da nata tun da aka turo ni koyarwa daga Zuru, na kuma san abin da mutanen nan suka ƙi sani.

'Yar Gwandu ce, aure ya kawo ta Kalgo. Mijinta direban bas ne, yana fita da asuba sai almuru. Ita kuwa shanshera take saya, wato shinkafar da ba a ɓare ba, ta jiƙa, ta turara a rabin duro, ta shanya, ta kai inji. Aiki ne mai yawan jira, a jira wuta, a jira rana, a jira layi, kuma a cikin jiran nan take karatu. Za ka gan ta zaune bakin shanya, littafi a hannu, tana korar kaji da ƙafa ba tare da ta ɗago kai ba.

Littattafan ne suka haɗa mu. Ni dai ba na ɓoyewa, a ba ni labarin da zai ƙare da biki, kowa ya koshi, a tashi lafiya. Na wuni da ihun 'yan aji uku, ba zan dawo gida kuma takarda ta ɓata mini rai ba. Rumaisa kuwa daga baya take fara littafi. Ta buɗe shafukan ƙarshe, ta karanta a tsaye, in ba su yi mata ba ta miƙo mini ta kan katanga kamar ta ɗauko mataccen ɓera.

"Maman Grace, dubi wanga shirme. Matar ga ta sha wuya tun shahin hwarko, sai ga mugun ya taho shina kuka, wai a yahe mai duk abin da yay yi. Duk mi? Shi hwaɗi mana mu ji!"

"Haba Maman Halima, labari ne fa."

"Labari na, to sai mi? Marubuciyar ta gaji na, so take ta aje biro."

Ba mutuwa take so a ƙarshen littafi ba, ba kuma ta damu a ɗaure kowa ba. Abu ɗaya take nema, wanda ya yi laifi ya kira laifin da sunansa, a gaban mutanen da ya yi wa ƙaryar. A daminar da ta wuce wani labari da ake sakowa kashi-kashi a waya ya kama mu duka biyu, har shinkafarta ta kusa ƙonewa a kansa. Da ya ƙare da irin wannan rungume-rungumen, sai ta aika wa guruf ɗin marubuciyar saƙon murya mai tsawo. Kafin la'asar sun cire ta. Na yi mata dariya har da riƙe ciki, ita ko a jikinta.

Abin da ya sa nake tsaya mata shi ne ina nan lokacin da aka yi mata abin.

Tana da wa, Tambari, babban gidansu a Gwandu, mai shagon takin zamani. Shekarun baya mahaifiyarsu ta fara ciwon ƙafa, Rumaisa ta je dubiya ta tarar ba a kai ta asibiti ba. Ta fita har shago ta faɗa masa gaskiya a gaban abokansa. Ya haɗiye abin, ya ajiye a ransa. Bayan wasu watanni ciwo ya kwantar da tsohuwar. Dangi suka ce a sanar da Rumaisa, Tambari ya ce kowa ya bari, shi ne babba, shi zai kira ta. Bai kira ba. Da suka tambaya, ya ce ya kira, ta ce tana da shinkafa a kan wuta.

Duk makon nan muna tare da ita, wayarta a ɗaure a haɓar zane, ba abin da ya shigo sai masu neman mudu. A kasuwar Kalgo muka ji. Wata mata 'yar Dodoru ta dafa kafaɗarta ta ce, "Ya haƙuri?" Rumaisa ta ce haƙurin me. A lokacin har an rufe Inna, mahaifiyarsu, tun jiya.

Ni na raka ta Gwandu. Ta shiga zaman makoki tana rantsuwa ba wanda ya kira ta, aka ce ta yi shiru, nan ba wurin tone-tone ba ne. Na buɗe baki zan ba da shaida, aka ce da ni, "Malama, ke baƙuwa ta." Wa zai ƙaryata babban gida saboda mace mai sayar da shinkafa da maƙwabciyarta? Tun daga ranar sunanta ya zama wadda ta zaɓi duro ta bar uwarta. Ana bikin dangi ba a gaya mata. 'Yarta Halima ta taɓa dawowa daga hutu a Gwandu ta tambaye ta ko gaskiya ne.

To bana sai Allah ya ba Tambari kujerar Makka. Kun san yadda ake yi, maniyyaci ya bi gida-gida yana sallama yana neman yafiya, don kada ya tafi da haƙƙin kowa a wuyansa. Al'ada ce mai kyau, ban ce ba. Mu ma a coci kullum wa'azin gafara muke sha. Amma akwai masu mayar da ita wankan tsarki na kyauta, su zo da rakiya don kunyar idon jama'a ta matse bakin wanda aka cuta.

Da hantsi suka iso, shi da Goggo, ƙanwar mahaifinsu, da wata dattijuwar dangi, Inna Ummulkhairi, da wata mata. Rumaisa ta shimfiɗa musu tabarma nesa da shanya, ta kawo ruwa, ta durƙusa ta gaida kowa. Ni kuwa na tsallako ba tare da an gayyace ni ba, na tsaya jikin turmi. Tambari ya gyara babbar riga, ya sunkuyar da kai.

"Rumaisa, tahiya ta kama. Abin da niy yi miki, wanda nis sani da wanda ban sani ba, ki yahe mini."

"Wanda ba ka sani ba na yahe, Yaya. Saura wanda kas sani."

"To ai shi kenan, duka dai."

"A'a. Hwaɗe shi. Ga Goggo nan, ga su Inna Ummulkhairi. Ka ce ban kira Rumaisa ba. Kalma huɗu ta, Yaya. Kana hwaɗi, wallahi na yahe duniya da lahira, in raka ka har bakin mota."

Muryarta ko rawa ba ta yi. Na ga bakinsa ya motsa, na ce yau dai za a yi ta ta ƙare. Sai ya dubi Goggo, ya dubi matan nan, ya ɗauki kofin ruwa ya ajiye bai sha ba.

"Abin da yaw wuce ya wuce," in ji shi.

Goggo ta hau faɗa. Wai mutum zai je ɗakin Allah a tsare shi da titsiye, wai ƙaramar yarinya ta sa babba ya tozarta, wai karatun littattafan banzan nan ne ya ƙeƙasar mata da zuciya. Ba wadda ta juya ta ce, Tambari, ka kira ko ba ka kira ba? Tambaya ce da ko 'yan ajina za su iya yi. Suka miƙe suna kakkaɓe mayafi, Goggo ta jefo ta ƙarshe daga bakin zaure.

"Wadda taƙ ƙi uwatta, mi a ɗan'uwa?"

Na yunƙura zan bi ta, Rumaisa ta riƙe mini hannu. Tambari ne ya rage a baya yana neman takalminsa. Da ya ga matan sun fita, ya matso, ya yi ƙasa da murya yadda daga ita sai ni za mu ji.

"Ke ma kin san ba ni iya hwaɗi gaban Goggo."

Ban san lokacin da tsaki ya kuɓuce mini ba. Ga shi ya amsa, amma a inda ba zai wanke kowa ba, gaban baƙuwar da ba a karɓar shaidarta. Na ɗauka Rumaisa za ta yi ihu ta kira su su dawo. Ba ta yi ba. Sai ta dube shi ta yi masa tambayar da ban taɓa jin ta yi wa kowa ba a duk shekarun nan.

"Inna ta neme ni?"

Ya sa takalmi, ya juya baya, ya kai bakin zaure kafin ya amsa.

"Duk wanda yas shigo ɗakin, sai ta ce Rumaisa ta?"

Mota ta tashi. Rumaisa ta zauna a ƙasa, nan inda take tsaye, kaji suka sauka a kan shinkafar suna ci, ba ta kore su ba.