Cinyar Layyar da Abokina Ya Dawo da Ita

Shekarun baya, tun Dutse ba ta gama sabawa da zama babban birnin jiha ba, ina da wani aboki da ya laƙaba min Malam Watakila. Bai yi min ƙazafi ba. Ni mutum ne da ko tambayata aka yi ko na ƙoshi, sai na ɗan yi nazari kafin in amsa. Shi kuwa duk abin da ya faɗa, kamar ya gano shi da idonsa ya dawo.

Daga wani ƙauye a wajen Buji ya zo koyon ɗinki a unguwarmu, mahaifiyata kuma ta ɗauke shi kamar ɗan cikinta. Kwanonsa na tuwo yana gefen nawa. Ko da na tafi jami'a, ba a ɗauke kwanon ba.

Idan na zo hutu, bayan la'asar mukan hau dutsen da ke bayan gari, mu zauna inda ɗumin rana bai gama fita ba. Daga can sama komai ya yi laushi. Dabinai suna rausaya a hankali, rufin kwanon sababbin gidajen ma'aikata yana ƙyalli, hayaƙin girki yana tashi siriri, shirwa na shawagi kamar ba ta da inda za ta. A nan abokina yake gina gari da baki. Garin da mace za ta bar ƙwaryar furarta a kasuwa ta je salla ta dawo ta same ta. Garin da alƙali zai tsayar da mai rawani da mai noma a tabarma ɗaya. Yana faɗa ina lumshe ido, har in ji kamar ina jin ƙamshin titunan garin. Sai in ce, "Watakila wata rana." Ya ce, "Kai dai ɗan boko, ko Aljanna aka nuna maka sai ka ce bari ka duba."

Da maganar shari'a ta taso, na gama karatu ina zaman jiran aiki. Ba na jin zan iya kwatanta wa yaran yanzu yadda zukata suka yi a lokacin. Ranar gangami na ga dattawa suna kuka. Wani tsoho da ya ce daga Kafin Hausa yake ya rungume ni, bai san ni ba, yana ta kabbara. Abokina yana cikin matasan da ke tare jama'a, fuskarsa tana haske kamar ango. Ni ma na yi kabbara, duk da na waiga tukuna na ga ko kowa yana yi.

Akwai wani ɗan takara a yankinmu da ya riƙe matasan nan hannu bibbiyu. Shi ke ba su motar zuwa taro, yana kiransu katangar addini. Sun yi masa yawo ƙauye-ƙauye. Ya ci zaɓe. Ba zan ce ba a yi komai ba, an yi abubuwa, wasu ma masu kyau ne. Amma da damina ta zo, takin da aka ce za a raba wa manoma ya bi hannun 'yan jam'iyya, mahaifin abokina bai ga ko mudu ba. Abokina ya yi ta zarya ƙofar gidan mutumin, kullum mai gadi ya ce mai girma yana hutawa. Wata rana ya ce min, "Ka lura duk wanda aka gurfanar, talaka ne irin babana?" Na ce watakila ba mu ga duka ba. Bai ko yi dariya ba.

Daga nan ya fara zuwa karatu a wani zaure a Yalwawa, wurin wani baƙon malami. Ya daina bin limaminmu salla. Ya daina hawa dutse. Da na matsa masa, ya ce malaminsu ya fahimtar da su cewa ba a yaudare su don mutum ɗaya mugu ne ba, tsarin ne gaba ɗaya kafirci, duk mai cin albashinsa kuma yana ciki. Ya ce bayan Babbar Salla za su yi hijira can gabas, cikin daji, su kafa garin nan da hannunsu. Har ya sayar da keken ɗinkinsa.

Na tsorata ƙwarai. Na yi kwanaki ina haɗa hujjoji, amma da na buɗe baki sai na ji ina cewa, "A wani ɓangaren kana da gaskiya, sai dai a ɗaya ɓangaren..." Ya dafa kafaɗata ya ce, "Ka zauna da ɓangarorinka."

A gidanmu, duk Sallar Layya, cinya ɗaya ta ragon tasa ce. Haka mahaifiyata ta saba. Shekarar ma ta naɗe ta a faranti ta ba ni na kai masa. Ya dubi farantin ya kau da kai.

"Wa ya yanka?"

"Baba mana. Wa ya saba yankawa?"

"Ka mayar. Ba na cin yankan ma'aikacin gwamnati."

Mahaifina ƙaramin ma'aikaci ne a sakatariya, mutumin da ban taɓa ganin ya rasa sahun farko ba. Na dawo da farantin ina jin nauyinsa kamar na ɗauko dutse, ina ta shirya ƙaryar da zan yi. Mahaifiyata ta kalle ni sau ɗaya ta ce, "Faɗi yadda ya faɗa, ban da watakila." Na faɗa. Ta juya naman da ke cikin kasko, can ta ce, "Je ka kira min shi."

Ya zo, ya durƙusa daga bakin ƙofa, kansa a ƙasa. Na zaci za ta yi kuka ko ta yi faɗa. Sai ta ce, "Ɗan nan, an ce yankanmu bai yi maka ba."

"Inna, ba raini ba ne. Addini ne."

"To, ni ban yi karatunku ba. Amma naka yankan ya halatta ko?"

"Ya halatta."

"Madalla. Ka ga jan zakaran can? Kamo shi ka yanka mana. Tunda ba ka cin namu, mu za mu ci naka."

Ya ɗago ya dube ni, na dubi sama. Babu abin da malaminsu ya tanadar masa game da wannan. Sai ga mai shirin hijira yana zagaye rumbu da wuƙa a hannu, zakara yana tsallake turmi, ƙannena mata suna ihu, "Ta can, Yaya, ta can!"

Da aka dafa, a kwano ɗaya ta zuba, ta aika zaure. Mahaifina ya san duk abin da aka ce a kansa. Ya wanke hannu, ya matsa gefe a tabarma, ya ce, "Bismilla, Ustazu. Yau kai ne mai gida." Abokina ya zauna kamar a kan ƙaya. Mahaifina ya ci, ya tsotse ƙashi, ya tura masa ƙirjin, ya ce, "Kai, hannunka da albarka. Allah ya yi maka albarka, ya raba ka da baƙin ciki." Abokina ya sunkuyar da kai ya ɗauki ƙirjin.

Kafin ya fita, mahaifiyata ta leƙo ta ce, "Yayarku ta kusa sauka. Ragon suna kai za ka yanka, kada in neme ka in rasa." Ya ce to, don ba a ce mata a'a. Haihuwar ta ɗan yi jinkiri. Abokan tafiyarsa suka gaji da jira suka wuce, ya ce zai same su daga baya. Bayan suna ta ɓullo da wani yankan, bayan shi wani. Gidanmu bai taɓa cin kaji kamar shekarar ba. Kafin kaka, mahaifina ya nemo masa aron keke, ya koma ɗinki.

Waɗanda suka tafi, daga baya muka riƙa jin labarinsu gutsure-gutsure, kuma ba labarin garin adalci ba ne. Akwai iyayen da har suka rasu suna sauraren sallamar 'ya'yansu.

Tun daga lokacin na karanta bayanai da yawa kan abin da ke kai matashi ga ɗaukar makami da sunan addini. Wasu sun ce talauci, wasu sun ce gurguwar fahimta, wasu siyasa. Ba ni da ƙarfin halin zaɓar ɗaya. Abin da na gani da idona kaɗan ne. Abokina ba mugunta ce ta ja shi ba, mafarki ne mai kyau. Masu neman ƙuri'a suka ara suka yi amfani da shi, suka yar a bakin hanya, wani ya tsinta ya wasa shi ya zama wuƙa. Kuma matakin farko da na gani ba bindiga ba ce, ƙin cin abincin maƙwabci ne. Watakila a wani wurin ba haka abin yake ba.

Yanzu furfura ta kama mu duka. Kwanaki ina zaune a shagonsa na yi ƙarfin hali na tambaye shi ko a ranar yankan zakaran nan ce ya gane malamin nan bai da hujja. Bai ɗaga kai daga keken ba.

"Wace hujja? Na fi shekara ina ganin gaskiyarsa. Kunya ce ta riƙe ni. Duk sanda na ɗauki jaka, sai in ga Baba yana tsotsar ƙashin nan yana sa min albarka. Na yi na yi in kira shi kafiri, bakina ya ƙi."