Ranar Da Na Yi Wa 'Yan Gayya Miya

Tun kafin wani ya riga ni, bari in faɗa da bakina: wawan da ke cikin wannan labari ni ne. Kuma ba ƙuruciya ba ce, don a lokacin gemuna ya yi fari fat. Ba jahilci ba ne kuma, tunda na yi aji huɗu a firamare, wanda a unguwarmu ba a raina shi.

Shekarar ce shinkafata ta yi kyau a fadamar bayan garinmu, ta wajen Tudun Wada. Ta nuna gaba ɗaya har ta fara zuba, tsuntsaye kuma suka tare a gonar kamar sun gada. Idan na ce ni kaɗai zan yanke da laujena, rabinta a ƙasa za ta ƙare. Sai na kira gayya, maza ashirin da biyu suka amsa. Kowa ya san ƙa'idar gayya: ba a biyan kowa, amma idan tuwon rana bai yi ba, bayan azahar sai mutane su fara tuna uzuri. Wannan akuyarsa ta ɓata, wancan surukinsa ba lafiya. Kafin la'asar sai ka waiga ka ga daga kai sai tsuntsaye.

Ranar Alhamis ɗin da aka sa, muna idar da sallar asuba aka bugo waya daga Kiru, wai 'yarmu tana naƙuda. Mai ɗakina ta yafa mayafi, tana kan babur take ce mini, "Malam, komai na miya na daka, yana cikin kwanon nan mai murfi. Ka ba Yaya ta haɗa."

Yayar nan taubashiyata ce, 'yar kawuna, katangarmu ɗaya. Tun muna yara ba ta taɓa ganin na yi abu daidai ba. Ta shigo da muciyarta ta ce, "Kai tsoho, tafi gona ka yi wa mutane sannu, ka bar mata da murhu."

Da ba ta ce haka ba, da na tafi. Amma sai na gyara hula na sanar da ita cewa ni ɗin da take gani na taɓa dafa wa leburori wake a Tiga, ba wanda ya mutu. Ta yi tuwo, miya tawa ce. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Allah Ya kyauta," ta koma gidanta ta ɗora ruwan tuwo.

Na ɗora tukunya, na zuba manja da busasshen kifi, na juye abin da ke cikin kwanon nan duka. Na ga daddawa, na ga barkono, amma ban ga gishiri da idona ba. Ban sani ba ashe mata tare suke daka shi da daddawar. Nan ilimi ya motsa. Idan mu biyu ne, mai ɗakina tana sa abin da yatsu uku suka ɗauka. Na sami tsinke na yi lissafin mutum ashirin da biyu a ƙasa, ya ba ni tafi biyu. Na ƙara rabi saboda masu aiki suna zufa. Na marmasa dunƙule shida, na kaɗa kuka. Ƙamshi ya cika gida. Ban ɗanɗana ba, don ina azumin Alhamis, kuma ban tabbatar da abin da malamai suka ce game da lasar ludayi ba.

Wajen hantsi taubashiyata ta leƙo. Ta ɗiga miyar a tafin hannu ta lasa. Fuskarta ta tattare wuri ɗaya kamar bakin jaka, ta tofar, ta nemi buta.

"Ɗan gwaggo, me mutanen nan suka yi maka?"

"Ya ɗan ji ne?"

"Ya ɗan ji? Wannan ko shanun rugar gabas aka ba su lasa, sai an kora su rafi da gudu."

Ta ce magani ɗaya ne: a ajiye wannan gefe, a sake wata ba gishiri, a riƙa haɗawa. Na ce ina! Mutum mai karatu ba ya gudun matsala. Na tuttula ruwa. Miya ta zama tsululu, kifi yana iyo kamar ya koma dam. Na ƙara kuka har ta ƙare. Tukunya ta cika, na juye a babbar tukunyar biki. Na tuna na ji a rediyo wai dankali yana shanye gishiri, na fere guda biyar na jefa. Da suka dahu na ba ta ɗaya, ta ce yanzu na sami dankali mai gishiri da miya mai gishiri. Wani makiyayi da ya kawo nono ƙofar gida ya ce a wajensu gawayi ake jefawa. Na jefa uku. Miyar ta yi duhu, gishiri yana nan daram. Har mazarƙwaila na gutsura na sa, amma wannan ban gaya wa kowa ba sai yau.

Ina cikin haka na ga inuwar katanga ta kusa shigewa ƙarƙashinta. Azahar ta kawo kai, kuma an aiko daga gona cewa an ci rabin aiki, ana jiran tuwo. Nan na gano abin da zai biyo baya. Na hango rabin shinkafata a tsaye, na hango maza ashirin da biyu suna saɓa lauje. Na ajiye ludayi, na tafi bakin katanga, na yi murya ƙasa-ƙasa.

"Yaya."

"Yau kuma ni ce Yaya?"

"Ki rufa mini asiri."

Ashe tun lasar farko ta ɗora tata tukunyar. Busasshiyar kuɓewa ce da daddawarta da man shanu, ba ta sa gishiri ko ƙwaya ba. Ta sa na kinkimo tawa. Tana ɗebo ludayi ɗaya ta tace ta zuba, ta juya, ta lasa. A ludayi na huɗu ta ce ya isa. Ta tsamo kifin ta ɗauraye shi ta zuba a ciki. Sauran tukunyar bikin kuwa ko kallonta ba ta sake yi ba.

Muka kai abinci gindin ɗorawa. Na tsaya ina kallon loma ta farko kamar mai jiran hukuncin alƙali. Kafin ka ce me, an suɗe kwanuka tas. Aka yi salla, kowa ya ɗauki laujensa ya koma, ba akuyar da ta ɓata. Kafin rana ta yi ja an yanke shinkafar nan har kunyar ƙarshe.

Da ana wanke hannu za a watse, wani dattijo ya ce, "Malam, an ce uwargida ta yi tafiya. To wa ya yi miyar nan?"

Da na yi shiru, da na tsira. Amma na yi gyaran murya na ce, "To, ba yabon kai ba, da hannuna a ciki. Kusan ma a ce ni na dafa."

Taubashiyata tana tattara kwanuka, ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Ƙwarai ya yi girki," in ji ta. "Tun safe yake dafa gishiri, ni kuma na ɗebi kaɗan na sa a miya."