Gangaren Doguwa

Mu mutanen Yako ƙasarmu shimfiɗaɗɗiya ce, mun saba kashe babur a kowane ɗan gangare don tsimin mai. Ranar da muka yi ayari zuwa gaisuwar mutuwa a bayan duwatsun Doguwa, muna kaiwa saman dutse kowa ya kashe nasa kamar kullum. Gangaren ya ƙi ƙarewa. Birki ya ɗau zafi har yana ƙauri, ya daina kamawa. Kawuna da ke gaba ya zarce cikin gonar masara, babbar riga ta rufe masa kai. Da ya miƙe bai dubi gwiwarsa mai zubar jini ba. Tanki ya fara buɗewa, ya leƙa ko mai ya zube.