Jifan da Ya Sami Fausto

Eleuterio Mateo ɗan San Pedro ne, a Jamhuriyar Dominika, garin da ake koyon jifa kafin a iya karatu. Yana da shekara sha bakwai wani Ba'amurke ya ga yadda yake jefa ƙwallon besbol, wasan da ɗaya ke jifa ɗaya ke dukan ƙwallon da sanda, ya tafi da shi. Shekara shida ya yi a ƙananan ƙungiyoyin Amurka, yau wannan gari, gobe wancan, rayuwa duk a cikin bas, kullum ana ce masa babbar ƙungiya ta kusa kiransa.

Wata Lahadi da rana tsaka suka kara da wata ƙungiya. Wanda ya fito riƙe da sandar duka Fausto Guillén ne, ɗan unguwarsu, abokin satar rakensu tun suna yara. Fausto ya yi murmushi ya ce, "Kai, tsohon ɓarawon rake, jefo mu gani."

Eleuterio ya jefa. Ƙwallon ta kuɓuce masa, ta sami Fausto ƙasa da hula, daidai idon hagu. Ƙarar ba ta da ƙarfi, kamar an fasa kwakwa can nesa. Fausto ya rayu, amma idon ya tafi, wasansa kuma ya ƙare.

Daga ranar hannun Eleuterio ya ƙi shi. Duk wanda ya tsaya gabansa da sanda, fuskar Fausto yake gani, sai ya wurga ƙwallon can gefe. Bayan wata huɗu aka sallame shi.

Ya dawo gida ya kama tuƙin motar ɗaukar rake. Ya yi aure, ya sami 'ya'ya mata uku. Shekara tara yana kauce wa layin su Fausto. Rannan Fausto da kansa ya tare shi a kasuwa.

"Ɗan'uwa, ni na rasa ido, amma kai ne ba ka ganina? Zo gida ran Asabar, matata za ta dafa shinkafa da wake."

Ya je. Tun daga nan kowace Asabar suna wasan domino, na 'yan katakai masu ɗigo-ɗigo, a gindin mangwaro. Fausto na tsokanarsa, yana dariya har da tari. Eleuterio kan zauna ta hannun daman Fausto, don kada ya fuskanci mataccen idon. Da Fausto ya doka ɗan domino a kan tebur, sai Eleuterio ya zabura.

Yanzu shekarar Eleuterio hamsin da takwas. Matarsa ta ce ko makulli aka ce ya jefo, ba ya jefawa. Tashi yake ya miƙa.