Babban Yatsan Malam Zailani

Malam Zailani direban bas ne a London, yana jigila tsakanin Woolwich da Thamesmead. Mutum ne natsattse, wanda bai taɓa ko gogar wata mota ba. A lokutan hutun aiki ya fara cacar intanet, wai don rage zaman banza.

Wata Talata, yana tsaye a danja, sai ya tsinci wayarsa a hannunsa, bai san sa'ad da ya ciro ta ba. Aka danna masa hon daga baya, ya saki birki. Ihun fasinjoji ne ya sa ya sake takawa. Wata mata ce ke tsallakawa da keken jariri, dab da gaban motar.

Ya isa gida, ya miƙa wa matarsa Karimatu wayar.

"Rufe mini asusun cacar nan, Maman Humaira. Ni na kasa."

"Lafiya, Malam?"

"Saura ƙiris in kashe ɗan mutane."

Yanzu ƙaramar waya mai maɓalli yake riƙewa. Amma har yau, idan danja ta tsayar da shi, yakan ga babban yatsansa yana motsi a kan sitiyari, sai ya damƙe sitiyarin da hannu biyu.