Wayar Hajiya

Ɗiyata ce ta ce mini wai akwatin intanet ɗin da ke falonmu adireshi ɗaya tak duniya ta san shi da shi. Shi yake riƙe wace waya ce ta aika tambaya, in amsa ta dawo ya miƙa mata, baƙon da ba wanda ya kira kuwa ya rufe masa ƙofa. Na yi dariya, don na san wannan aikin tun ina budurwa a Kafanchan. Hajiya mai gidan da muke haya ce take yin sa.

A duk layinmu ita kaɗai ke da tarho, yana zaune kan firji an lulluɓe shi da ƙyalle kamar amarya. Ma'aikatan jirgin ƙasa, masu citta, mu 'yan Kagoma, kowa lambarta yake bayarwa. Ba ta rubuta komai. Ta san wa ya buga Jos shekaranjiya, wa ke jiran amsa daga Legas. In kuwa ba ta san da zamanka ba, sai ka ji, "Ba a nan ba ne," ƙit. Samari sun sha wuya a hannunta, ni ma na sha jin haushinta.

A lokacin an tura yayana aikin soja ƙasar waje, watanni ba labari. Mamanmu ta rame, ko waƙa ta daina yi a zumuntar mata ta coci.

Wata ranar kasuwa wayar ta yi ƙara. Murya ce a dishe, can nesa, tana cewa a ba shi Mama. Hajiya ta ce wace Mama, layin na ta ƙugi, ta kife. Sai da ta koma kan tsintar shinkafarta abin ya faɗo mata. Ta fito tsakar gida ko mayafi babu.

"Maman soja! Ina jin ɗanki na kashe wa waya. Ki yafe mini."

Mamanmu ta ce, "Ba komai, Hajiya. In shi ne, Ubangiji zai sa ya sake kira."

Daga ranar Hajiya ta hana kowa taɓa wayar. Wani mai citta ya yi faɗa, ta ce ya tafi gidan waya. Ta shimfiɗa wa Mama tabarma gefen firji, ita tana jan carbi, Mama tana addu'arta. Ban taɓa son Hajiya kamar a kwanakin ba.

Da wayar ta sake yin ƙara, Hajiya ba ta tambayi ko wane ne ba, ta miƙa. Mama ta riƙe da hannu biyu, tana ta cewa "I, i," har layin ya yanke.

Muka yi caa a kanta, me ya ce, yana ina, yaushe zai dawo?

Ta share ido da bakin zani ta ce, "Ban ji ba. Muryarsa kawai nake saurara."