Ranar da Na Kai Kwamfuta Biyu Gaban Baba

A gidanmu na Lakwaya ba a sayen abin aiki a ɓoye. Garma ce, ko sa, ko injin ban ruwa, sai an kawo ƙofar gida Baba ya gani ya jujjuya kafin a ce an saya. Waya da rediyo kuwa ba su ishe shi kallo ba, a wurinsa kayan wasa ne. A lokacin ina buga wa Islamiyyoyin Gwarzo da Kabo tambayoyin jarrabawa da kwamfutar aro, Baba kuma yana kiran abin “danne-dannen nan naka”. Maganar tana yi mini ciwo. Ga ni da mata da ’ya’ya, amma a gida ana sa ni cikin marasa sana’a.

Da na tashi sayen tawa, abokina mai shago a Gwarzo ya fito mini da guda biyu. Ɗaya sabuwa fil, fara, siririya, irin wadda ake yi don zaman gida, kallon fim da ɗan karatu. Ɗayar baƙa ce mai kauri, ta hannu, irin ta ma’aikatan ofis, har gefenta ya goge. Raina ya riga ya tafi kan farar. Har na hango kaina ina buɗe ta a gaban malamai ana satar kallona. Duk da haka na ce ya ba ni su duka in kai gida, yadda ake yi wa garma.

Kafin in gama kafe babur mata sun gama zaɓe. Inna ta shafa farar ta ce, “Wannan ai ’yar gayu ce.” Matata ta ce baƙar sai ka ce murfin tukunya.

Baba yana kan tabarma yana tufkar igiya. Ya ɗaga farar da hannu ɗaya ya ajiye. Ya ɗauki baƙar ya jinjina ta.

“Wacce ce ta aikin?”

“Duka suna yi, Baba.”

“Ban tambaye ka duka ba.”

Sai na gyara zama na fara bayani, ina yi ina sauraren kaina. Na ce baƙar an ƙera ta ne don a wuni ana bugu a kanta, jikinta da ƙwari, ramukan hanyar ƙauyen Durun da nake bi ba za su wargaza ta ba. In ta samu matsala abokina zai kwance ta nan Gwarzo ya canja abin da ya lalace. Farar kuwa kayan cikinta a manne suke, sai an kai ta Kano, jarrabawa kuma ba ta jira. Ban taɓa yi masa doguwar magana a kan aikina ba sai ranar, kuma bai katse ni ba.

“To me ya sa ka ɗauko waccan?”

“Kyau, Baba.”

Ya yi dariya har hularsa ta karkace. Ya ce in buɗe baƙar in yi abin da nake yi ya gani. Na buga tambayoyin fiƙihu, Larabci a sama, Hausa a ƙasa. Ya matso ya karanta ta farko da ƙarfi, ya amsa ta da kansa, ya ce in kawo ta biyu. Haka muka yi ta yi har aka kira la’asar.

Washegari na mayar da farar, Inna tana ta mita wai ba ni da ido.

Da damina ta yi nisa aka zauna rabon aikin gona, yayana ya sa ni cikin masu maimai a gonar gero. Baba bai ko ɗaga kai ba ya ce, “Cire shi. Makarantu sun kusa jarrabawa, yana da aikinsa.”

Na sunkuyar da kai don kada yayyena su ga bakina ya ƙi rufuwa.